Darɓar ayaba: ƙwaron da ya durƙusar da gonaki a tsibirai, ina haɗarinsa ga garaken Damagaram?

Shin baƙar darɓar nan da ke maƙalewa a gindin ganyen ayaba tana iya kashe garka? Masu noman rani a Mirya da Gidimuni da kwarin Korama sun saba da darɓa a wake da kabeji da gyaɗa, kuma sun san feshi ɗaya ko biyu yakan kwantar da ita. Shi ya sa idan aka ce akwai wata darɓa da ta tayar da manoman ayaba daga gonakinsu a tsibiran Tekun Fasifik, wasu sukan ɗauka ƙarin gishiri ne. Wasu kuma tsoro ke kama su har su ce a daina sayen ayabar da ke shigowa daga kudu. Ɓangarorin biyu sun kauce wa ainihin maganar. Ɓarnar da ƙwaron ke yi da bakinsa ƙarama ce. Cutar da yake ɗauka ita ce babba, kuma hanyar da za ta iya biyowa ta iso nan ba ta fuka-fukan darɓa ba ce.

Wace darɓa ce wannan?

Masana suna kiran ta Pentalonia nigronervosa. Wani likita Bafaranshe mai nazarin ƙwari, Charles Coquerel, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1859 daga tsibirin Reyiniyon da ke Tekun Indiya. Yau ana samun ta kusan duk inda ake noman ayaba a duniya. Tsawonta milimita 1 zuwa 2 ne, launinta ja mai duhu zuwa baƙi, ƙananan sun fi haske. Yawancinsu ba su da fuka-fukai. Sai gida ya cika ko ganyen ya tsufa sannan masu fuka-fukai su fito, su tashi neman wata ayabar. Jijiyoyin fuka-fukan baƙaƙe ne ƙirin, kuma da wannan ake bambanta ta da darɓar wake ko ta kankana.

Ba ta zama a sarari. Wanda ya tsaya daga nesa yana duba bayan ganye, yadda ake yi wa kabeji, zai rantse garkarsa lafiya lau. Maɓoyarta uku ce: tsakanin ɓawon da ke naɗe da jikin ayaba, cikin sabon ganyen da bai warware ba, da gindin ƙananan ɗiya dab da ƙasa, wani lokaci har ƙarƙashin ƙasa kaɗan. Ɗiyan da ba su kai ƙugu ba sun fi tara ta. Hanyar ganin ta ita ce a ja ɓawon waje a hankali a leƙa ciki, ko a bi sawun tururuwa.

Mace ce ke haihuwar mace, ba tare da namiji ba, kuma ba ƙwai take sakawa ba, ƴaƴa take haifa da ransu. Jaririya takan girma cikin kwana 9 zuwa 16, bayan ta saɓe sau 4, sannan ita ma ta fara haihuwa, har 4 a yini idan yanayi ya yi mata daɗi. A tsibiran Hawayi na Amurka an ƙiyasta tana iya yin zuriya har 30 a shekara. Ma'anar wannan ga mai garka shi ne guda ɗaya da ta sauka ta isa kafa gari.

Tururuwa kuwa kiwon ta take yi. Darɓa tana fitar da ruwa mai zaƙi da danƙo, tururuwa na sha, ita kuma tana kore mata maƙiya, tana ɗaukar ta daga wannan ɗa zuwa wancan, har takan gina mata rufin ƙasa a gindin ayaba. Inda danƙon ya taru sai baƙin fumfuna ya rufe ganye. Wannan da ɗan raunana ƙananan ɗiya su ne iyakar ɓarnar darɓar ita kaɗai. Babbar ayaba mai samun ruwa da taki takan ɗauke su ba tare da ta fasa yin nono ba.

Cutar da take ɗauka

Ƙwayar cuta ce ta bairas wadda masana ke taƙaita sunanta da BBTV, mu kira ta cutar cunkushewar kai. Tana zaune a jijiyoyin da ke kai abinci sassan ayaba, daidai inda darɓa ke soka bakinta. Darɓa tana buƙatar tsotson ayaba mai cuta na aƙalla awa 4 kafin ta ɗauka, galibi ma kusan yini guda. Da ta ɗauka tana riƙe da ita har mutuwarta, kuma tsotso na ƙasa da awa 2 ya ishe ta ta zuba ta a lafiyayyar ayaba. Abu guda mai sauƙi a nan: uwa ba ta gadar wa ƴaƴanta. Kowace jaririya sai ta sha daga ayaba mai cuta da kanta. Saboda haka garkar da babu ayaba mai cuta a cikinta ko kusa da ita, darɓarta ko ta kai dubu ba ta da abin yaɗawa. Shaida ita ce yankin Latin Amurka, wanda ya fi ko'ina fitar da ayaba zuwa kasuwannin duniya: darɓar tana can, cutar ba ta shiga ba.

Alamar farko ba a ganin ta sai an tsinko ganye an ɗaga shi ga rana. Za a ga ɗigo-ɗigo da gajerun layuka kore shar, masu duhu fiye da sauran ganyen, jere a kan ƙananan jijiyoyi, da kan babbar jijiyar tsakiya, da mariƙin ganye. Kusa da jijiyar tsakiya layin yakan lanƙwasa ya yi ƙugiya. Idan farin garin da ke kan mariƙin ya rufe su, a goge shi da yatsa. Daga nan kowane sabon ganye yana fitowa gajere da siriri fiye da na gabansa, gefensa rawaya, yana karyewa idan an lanƙwasa shi, kuma maimakon ya kwanta sai ya miƙe tsaye. A ƙarshe ganyayen sukan cunkushe a sama kamar tsintsiyar da aka kafa kanta sama. Ayabar da ta kamu tana ƙarama ba ta yin nono sam. Wadda ta kamu dab da fitar da kai takan yi na wannan karo, ƙanana a murɗe, shi ke nan.

Ba ta da magani. Babu feshi, babu taki, babu yankan ganye da ke fitar da ita. Kuma da yake uwa da ɗiyanta dunƙule ɗaya suke rabawa a cikin ƙasa, idan guda ta nuna alama a ɗauka gindin duka ya kamu, har da ɗan da ke tsaye kore shar. A nan ne yaudarar take. Bayan cizon darɓa alamar ba ta bayyana sai ayaba ta fitar da sababbin ganye kamar biyu, wato wajen kwana 25 a lokacin ɗumi, watanni a lokacin sanyi. A tsakanin nan mai garka yana iya cire ɗa ya sayar ko ya ba ɗan'uwansa da zuciya ɗaya.

Tarihinta ya nuna da ƙafar wa take tafiya

An fara rubuta labarin cutar a tsibiran Fiji da ke Tekun Fasifik a 1889. A 1913 aka gan ta a gabashin Ostireliya, kuma ɗiyan ayaba da aka kawo daga Fiji ne suka shigo da ita. Kafin tsakiyar shekarun 1920 kusan kashi 90 cikin 100 na gonakin ayaba a jihar New South Wales ta Ostireliya sun tashi aiki. A can ne wani masani, C. J. Magee, ya tabbatar a 1927 cewa wannan darɓa ce ke yaɗa ta. Gwamnati ta kafa doka: ba a ɗaukar ɗan ayaba daga wuri zuwa wuri sai da izini, masu duba gonaki suna zagayawa, duk gindin da ya kamu a hallaka shi. Noman ya farfaɗo, amma har yau ba su daina zagayen ba. Hawayi ta gamu da ita a 1989, lardin Sindh na Pakistan ya ɗanɗana a farkon shekarun 1990.

A Afirka an san ta a Masar tun 1901, a Kwango kuma tun shekarun 1950. A Malawi ta ɓarke a shekarun 1990, ta share gonakin gajeruwar ayaba irin ta Cavendish a yankunan bakin Tafkin Malawi, har ƙasar ta koma sayen ayaba daga maƙwabta. Yammacin Afirka ya daɗe babu ita. Sai a 2011 aka tabbatar da ita a kudancin Jamhuriyar Benin, a 2012 kuma a jihar Ogun ta Najeriya, kusa da iyakar ƙasashen biyu, sannan Togo a 2018. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana cikin masu bin sawunta.

Darɓa ba ta ƙetare teku daga Fiji da fuka-fukanta ba. Ma'aunin da aka yi a gonakin Ostireliya ya nuna kusan kashi 2 cikin 3 na sababbin kamuwa suna faruwa ne cikin mita 20 daga ayabar da ke da cutar, kashi 99 cikin 100 kuma ba su wuce mita 86 ba. Aikin darɓa ke nan: daga gindi zuwa gindi, daga garka zuwa ta maƙwabci. Tsallake na ɗaruruwan kilomita mutum ne ke yin sa, da ɗan ayaba a buhu. Daga Ogun zuwa Magarya tafiya ce da darɓa ba za ta taɓa yi ba, amma babbar mota tana yin ta cikin kwana biyu ko uku. Kuma kowa ya san yadda iri ke yawo a tsakaninmu: ɗan ci-rani ya ga ayaba mai manyan nonna a inda yake aiki, ya roƙi ɗiya biyu ya sa a kaya.

Dattawan jihar Damagaram ba baƙi ba ne ga irin wannan haɗin na darɓa da cuta. A 1975 darɓar gyaɗa ta yaɗa kuturtar gyaɗa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, noman da yankin ke taƙama da shi ya faɗi warwas. Bambancin shi ne gyaɗa shekara-shekara ake shuka ta daga ƙwaya, ayaba kuwa tana zaune a gindinta shekaru, kuma da jikinta ake dasa ta, don haka cutar ba ta da ranar fita da kanta.

Zafin Damagaram zai kare mu?

Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Gwajin da aka yi a Hawayi ya nuna darɓar ta fi hayayyafa a ma'aunin zafi 25, kuma da an kai 30 haihuwarta da tsawon ranta suna raguwa. A watannin Afrilu da Mayu garin Zinder yakan haura 40. Ga kuma nisa tsakanin wuraren noman ayaba: kwari nan, kwari can, da tudun rairayi a tsakani. Wannan kariya ce ta gaske, wadda manoman kurmi ba su da ita.

Sai dai ma'aunin da ake faɗa a rediyo ba shi ne zafin da ke cikin ɓawon ayaba ba. A kwarurrukan Gidimuni da na yankin Gure ayaba tana tsaye ne a inuwar dabino, ƙafarta cikin laima, kuma can cikin ɓawon akwai sanyi da danshi ko da tsakar bazara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa yanayin kusan shi ne wanda take so. Abin da ya fi wannan muhimmanci: zafi yana rage darɓa, ba ya warkar da ayabar da ta zo da cuta. Ko babu darɓa ko ɗaya, wanda ya dasa ɗa mai cuta ya yi asarar shekara, ya kuma raba ɗiyansa ga maƙwabta ya yi musu asarar tasu. A ganina zafi zai rage gudun cutar ne idan ta shigo, ba zai hana ta shigowa ba.

Ba duk tsumburarriyar ayaba ce mai cutar ba

Wannan yana buƙatar nanatawa, don kada tsoro ya sa a tumɓuke lafiyayyun gindi. A ƙasarmu abubuwa da yawa suna tsumbure ayaba. Kanwa a ƙasa ko a ruwan ban-ruwa tana ƙona gefen tsofaffin ganye tana hana girma. Ƙishirwa da sanyin hunturu suna sa ganye su fito kusa da kusa, su taru a wuya, amma da ruwa da ɗumi sun dawo sai sabon ganye ya fito da faɗinsa. Iskar hunturu tana tsattsaga ganye. Akwai kuma wata cutar bairas ta dangin kankana da kabewa da kokwamba, wadda darɓar waɗannan amfanin ke kai wa ayaba idan an haɗa su a fage ɗaya. Ita zanenta rawaya ne ko fari-fari. Na cunkushewar kai kore ne mai duhu. Wanda bai ga wannan ɗigon mai duhu a jijiya da mariƙi ba, kada ya yanke hukunci. Wanda ya gani ya ɗauki hoto da wayarsa, na ganyen a gaban haske da na ayabar gaba ɗaya, ya kai wa malamin gona na gundumarsa ko ma'aikatar kare tsirrai. Hoton zai kai, ba ganyen ba, don ganyen yana iya tafiya da darɓa. Tabbaci na ƙarshe sai an gwada a ɗakin bincike.

Feshi ko tumɓukewa?

Hannun manomi ya fi saurin zuwa ga famfon feshi, kuma mai sayar da magani ba zai hana shi ba. Feshi yana da wurinsa, amma iyakarsa a bayyane take. Maganin da sai ya taɓa ƙwaro yake kashe shi ba ya shiga cikin ɓawo, sai ya kashe na waje ya bar na ciki, ya kuma kashe masu cin darɓa, irin ƙwaron nan mai jan baya da ɗigon baƙi da ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a cikinta. Bayan mako biyu darɓa ta dawo babu mai tare ta. Masu shiga jikin tsiro, irin su imidacloprid da acetamiprid, sun fi kai wa maɓoyarta, amma suna da haɗari ga ƙudan zuma, kuma ba a fesa su a ayabar da ta fitar da fure ko ta kusa yanka. Wanda zai saya ya nemi mai lambar amincewar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel a jikin kwalba. Piya-piya da ake aunawa a kasuwa ba shi da gurbi a garkar abinci.

Don rage darɓa a ƙaramar garka sabulu ya wadatar: giram 10 zuwa 20 a kowace lita ta ruwa, wato wajen giram 150 zuwa 300 a famfo mai lita 15. Ko a daka ƙwallon dogon yaro busasshe giram 500, a jiƙa a lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a ƙara sabulu kaɗan don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, domin sabulu a tsakar rana yana ƙona ganye, rana kuma tana kashe ƙarfin dogon yaro. Kafin feshi a ɓare busassun ɓawo, a rage ɗiya a bar uwa da ɗa ɗaya ko biyu, sannan a sa bakin famfo cikin maƙogwaron ayaba da tsakanin ɓawo har ruwan ya gangaro gindi. A maimaita bayan kwana 7, saboda waɗanda suka tsira sun riga sun haihu. Idan ba a tarwatsa gidan tururuwar da ke gindin ba, ita za ta dawo da su.

Idan kuwa an tabbatar cutar ce, tumɓukewa kaɗai ya rage, kuma jerin aikin shi ne komai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da adda. Da an sare ayaba ta fara yaushi, darɓar da ke kanta, wadda duk ta sha cutar, sai ta watse zuwa na kusa. Darɓa ake fara kashewa: a jiƙe gindin duka da ruwan sabulu mai ƙarfi ko magani, ko a tsiyaya kananzir a maƙogwaro tunda dama ayabar ta mutuwa ce, a fesa na kewaye da ita su ma. Bayan kwana ɗaya ko biyu a sare, a haƙe dunƙulen duka da ɗiyansa, a daddatsa ƙanana a shanya a wurin. Ranar Damagaram tana gama wannan aikin da sauri. Guntun dunƙule da aka bari a rami zai tsiro da cutar, don haka a riƙa komawa ana dubawa. Sannan duk ayabar da ke cikin mita 20 a riƙa ɗaga sabon ganyenta ga rana kowane mako har tsawon watanni, kuma kada ɗa ko ɗaya ya fita daga garkar.

Ƙasa ba ta riƙe wannan cuta, adda da fartanya ma ba sa ɗaukar ta. Idan an kawar da masu cutar aka bar wurin ƴan watanni babu ayaba, ana iya sake dasawa da iri mai tsabta. Gwaza da citta da ke kusa a duba su, domin darɓar da ƴar'uwarta ta kusa sukan fake a kansu.

Mai saye, mai dasawa da maƙwabci

Ga mai sayen ayaba a Kasuwar Dole babu abin tsoro. Cutar ba ta kama mutum ko dabba, kuma nonon ayaba ba iri ba ne. Abin lura kawai shi ne ɗanyen ganye da guntayen jikin ayaba da ake shimfiɗa wa kaya a mota: kada a kwashe su a zuba a garka da sunan taki.

Mai dasawa shi ke riƙe da ƙofa. Ɗan da ya fi aminci shi ne wanda aka cire daga gindin da mutum ya ga uwarsa da idonsa, ya ga ta yi nono, ya duba ganyenta. Fere dunƙule da tsoma shi a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30 dabara ce mai kyau, tana kashe tsutsar saiwa da ƙwarin da ke maƙale, har da darɓa, amma ba ta taɓa bairas ɗin da ke cikin nama. Irin da ake rainowa a kwalba a ɗakin bincike ma sai in an gwada uwar da aka ciro shi daga gare ta. Babu wani nau'in ayaba da aka tabbatar cutar ba ta kama shi. Gajeruwar Cavendish, wadda masu garka ke so don iska ba ta kayar da ita, tana cikin masu saurin faɗuwa, wasu nau'o'in kuma suna jinkirin nuna alama, abin da ke sa su zama ma'ajiyar cuta ba a sani ba. Duk baƙon ɗa da ya riga ya iso, a dasa shi shi kaɗai, mita 100 daga sauran in fili ya ba da dama, a sa masa ido wata 3 zuwa 4 kafin a haɗa shi da na gida.

Wurin da maganar ke da wuya shi ne tsakanin maƙwabta. Mai gindi goma da aka ce ya haƙe uku, ɗaya ma da nono a kai, asara yake gani a yau don amfanin da sai baɗi, kuma rabin amfanin na maƙwabcinsa ne. A Ostireliya doka da masu zagaye suka tilasta. A ƙasashen Afirka da cutar ta shiga an ga manoma suna ƙin tumɓukewa idan ba a ba su iri mai tsabta a madadi ba, kuma gindi ɗaya da aka bari a garkar da mai ita ya tafi ci-rani ya isa ya sake kama kwarin duka. Ƙungiyoyin masu noman rani da ke raba ruwa da taki a kwari ɗaya su ne suka fi dacewa su yanke wannan tun babu cutar: daga ina aka yarda a kawo ɗiya, wa zai riƙa zagayen duba ganye, kuma idan aka haƙe gindin wani, su wa za su ba shi ɗiya daga nasu.